Shirin fatsar tirawut a kogin Madison: lamarin wani ɗa da kawunsa

Mutum biyu ne a wannan lamari. Na farko ɗan Zariya ne, ma'aikacin kantin magani, ya daɗe zaune a Minneapolis ta jihar Minnesota. Ya taɓa jefa fatsa a tafkunan can, amma bai taɓa neman tirawut ba. Na biyu kawunsa ne, ƙanen mahaifiyarsa, tsohon malamin makaranta da ya ba sittin baya, yana fama da ciwon sukari, ya zo ziyarar 'yan watanni. Ɗan ya so ya yi wa kawun abin da zai riƙa ba da labarinsa in ya koma gida, sai ya kama jagora na kwana biyu a Ennis, ƙaramin gari a bakin kogin Madison ta jihar Montana: rana ɗaya a kwale-kwale, rana ɗaya a tsaye cikin ruwa.

Tirawut kifin ruwan sanyi ne mai gudu, yawancin abincinsa ƙwari. A irin wannan fatsa ba a sa koto. Gashin tsuntsu da na dabba ake ɗaurewa da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaron da kifin ke ci a wannan makon. Tun da ƙugiyar ba ta da nauyin da za ta ja kanta, igiyar ce aka yi wa nauyi, ita ake kaɗawa gaba da baya a sama kafin a ajiye ta kan ruwa. Wato dai yini guda ƙugiya mai kaifi tana wucewa ta gefen kunnen mutum. Yawancin abin da ya kamata ya shiga jaka daga nan ya samo asali, da kuma sanyin ruwan.

Zaɓen lokaci

Da farko makon farko na Yuni ɗan ya nema, don a lokacin ne ya fi samun hutu. Matar da ke amsa waya a ofishin jagororin ta ce masa ya sake tunani. Daga Mayu zuwa tsakiyar Yuni dusar ƙanƙarar da ta taru kan duwatsu take narkewa, ƙananan rafuka su kawo laka, kogin ya cika ya yi duhu. Gwanaye suna kamu a hakan, amma ba ruwan ɗan koyo ba ne, balle dattijo. Ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli kuwa lokacin fitar wani babban ƙwaro ne mai tsawon ɗan yatsa, wanda manyan kifaye ke haukacewa a kansa, kuma kwanakin nan tun watanni kafin su zo ake kama jagorori. Suka tsaya a tsakiyar Yuli, ya biya kafin alƙalami.

Tsakiyar Yuli ma da nata. Hukumar kifi da namun daji ta Montana tana da ƙa'ida: idan zafin ruwa ya kai digiri 73 a ma'aunin Farenhait, kusan 23 ke nan a ma'aunin Salshiyas, kwana uku a jere, tana iya hana kamu daga ƙarfe 2 na rana zuwa 12 na dare. Ruwa mai ɗumi iskar da kifi ke shaƙa tana ƙaranci a cikinsa, kifin da aka wahalar a ƙugiya ko an sake shi mutuwa yake yi. Ɓangaren kogin da ke ƙasa da tafkin Ennis ya fi faɗawa wannan doka, na sama da gari ya fi sanyi. Duk da haka an gaya musu su shirya wa fita da sassafe, wanda ke nufin kayan sanyi a watan da ɗan ya ɗauka na shimi ne.

Kantin da aka shiga kafin a yi waya

A nan ne kuɗi suka tafi. Tun kafin ya yi magana da jagoran kansa, ɗan ya shiga wani babban kantin kayan farauta da su, ya fito da sandunan fatsa biyu da manaɗan igiyarsu, wandunan shiga ruwa biyu masu kaiwa ƙirji, takalma masu ƙusoshin ƙarfe a tafi, riga mai aljihu goma sha wani abu, ƙaramar koma, da akwatin ƙwari da mai kanti ya zaɓar masa. Da ya baje su a falo, kawun ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, duk wannan na kifi ne, ko yaƙi za mu?"

Da aka yi wayar da ya kamata a fara da ita, sai ya tarar kusan duk abin da ya saya yana cikin kwale-kwalen jagora, kuma yana cikin kuɗin da ya riga ya biya ko ana hayarsa da araha. Sandar da ake amfani da ita a Madison mai tsawon ƙafa 9 ce, lamba 5 ko 6 (lambar tana nuna nauyin igiyar da sanda ke ɗauka), kuma jagoran ya fi son lamba 6 saboda iskar da ke tasowa a kwarin bayan azahar. Ɗan lamba 4 ya sayo, wadda ta dace da ƙananan rafukan Minnesota. Ƙwarin da ke akwatinsa ma na can ne. Jagora kuwa kullum yana kan ruwan, ya san abin da kifi ya ci jiya, ba zai ɗaura wa baƙonsa ƙwaron da aka zaɓa a wata jiha ba. Takalman masu ƙusa su ne ya ƙi kai tsaye: ba za su hau masa kwale-kwale ba, suna kankare ƙasan jirgi.

Ban ga laifin mai kanti ba, sayarwa ce sana'arsa. Abin da ya faru shi ne abin da ke faruwa da yawancin masu zuwa karo na farko. Ido yana kan kayan da suka yi kama da sana'ar, su kuwa su ne ake ara. Waɗanda ba wanda zai iya ara wa mutum ba su da ban sha'awa a kanti, kuma ranar da aka yi wayar nan ko ɗaya daga ciki ba ya jakarsu.

Takarda

Lasisi ne na farko. Jagora ba ya iya ɗaukar wanda ba shi da shi. Baƙo a Montana yana bukatar abu uku tare: lasisin kare muhalli, lasisin kamun kifi na kwanakin da zai yi, da takardar yaƙi da baƙin halittun ruwa. Ana saye ta intanet ko a kantunan fatsa na gari. Ɗan ya saya musu tun suna gida ya buga a takarda, domin waya ba ko'ina take samun layi a kwarin ba.

Ya so rana ta biyu su shiga gandun Yellowstone, tun da a can kogin ya faro, inda kogunan Firehole da Gibbon suka haɗu. Nan ya ji cewa lasisin jiha ba ya aiki a cikin gandun, sai an sayi nasu daban. Gandun ya hana darma a kayan fatsa, ya hana ƙugiya mai kunne, kuma tun 2018 ya hana takalmi mai tafin matsattsen ulu. Ga shi Firehole ruwan maɓuɓɓugan zafi ne ke zuba cikinsa, a tsakiyar Yuli ya yi wa kifi ɗumi. Aka bar maganar gandu, aka ce a je yawon buɗe ido in lokaci ya rage.

Tsaurin nan yana da tarihi, kuma ya kamata mai zuwa ya san shi, don ya daina ganin kamar ana takura masa ne. A wannan kogi wani masanin kifi na jihar, Dick Vincent, ya gwada daina zuba kifin kiwo a wani yanki, sai ya ga kifin asali ya ƙaru. A kan binciken nan Montana ta daina zuba kifin kiwo a kogunanta a 1974. Kusan duk tirawut ɗin da ke Madison yau a cikin tsakuwar kogin da rafukansa aka ƙyanƙyashe shi. A 1994 kuma aka gano wata cuta a kogin, ƙwayar da ke cin guringuntsin 'ya'yan kifi har su riƙa juyi wuri ɗaya, ta halaka kusan kashi 90 cikin 100 na nau'in tirawut mai jan zane a gefe a wasu sassan. Irin wannan ƙwaya tana iya bin laka da danshin takalmi daga wani kogi zuwa wani, shi ya sa ake sa ido a tafin ulu, wanda ba ya bushewa da wuri.

Da aka yi wa kawun bayanin cewa duk abin da aka kama mayar da shi za a yi, sai ya ce, "Wato mu biya, mu kama, mu sake?" Ɗan ya ce, "Haka dokar take, Kawu." Ya ce to, Allah ya kyauta. Sai da ya ji labarin 1974 sannan ya yarda ba hauka ba ne.

Jiki

Ennis tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,500 daga teku, ta ɗara Jos. Da asuba sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10 na Salshiyas, da azahar zafi ya doshi 30, da la'asar hadari ya iya tasowa daga bayan duwatsu da iska da ƙanƙara. Mutum kuma yana tsakiyar kogi, motarsa tana can mil da yawa a ƙasa. Don haka ba riga ɗaya mai kauri ake so ba, rigunan da ake ƙarawa ana ragewa ake so: ta ciki mai saurin bushewa, ta tsakiya mai ɗumi, da rigar ruwa ta gaske a sama, ko da gari ya waye tas.

Auduga ita ce abin gudu. In ta jiƙe ba ta bushewa, tana manne wa fata tana zuƙe ɗumin jiki. Kawun duk kayansa auduga ce, daga shimi har safa, kuma wandon jins ɗan ya yi niyyar ba shi. Aka sauya da wando mara nauyi na zaren roba da safar ulu. Safa biyu-biyu aka sa a jaka, ɗaya ta zauna a busasshe.

Hula ma an yi ja-in-ja. Kawun bai saba fita ba hula ba, kuma tasa ta gida ce, ba ta da baki. Jagoran ya ce malafa ko hula mai baki dole ce, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa. Mutane suna ɗauka tabarau na ganin kifi ne kawai. Yana taimakawa a wannan, amma babban aikinsa tsare ido daga ƙugiyar da iska ta karkatar. Kawun yana sa tabarau na likita, don haka aka nemo masa irin wanda ake ɗorawa a kai, aka ɗaure da igiya a wuya. Wannan ƙaramin abu da an bar shi sai an isa Ennis, da wuya a sami daidai shi da safiyar fita. Aka ƙara man kare fata daga rana da man leɓe. Baƙar fata ma tana ƙonewa a wannan tudu, rana tana dukan mutum daga sama, ruwa yana mayar masa da ita daga ƙasa.

Maganar ciwon sukari ce ɗan ya yi daidai tun farko, sana'arsa ce. Allurar kawun da na'urar gwaji ba su shiga jakar da ake aunawa ba, a hannu suka hau jirgi, domin sanyin cikin jirgi inda ake zuba kaya yana iya lalata maganin, jakar kuma tana iya ɓata. A kogi an sa su cikin jaka mai hana ruwa shiga, ba a bar su a motar da ke yini cikin rana ba. Dabino yana aljihun kawun, ba a ƙasan jaka ba. An kuma gaya wa jagoran tun a waya, har da alamun saukar sukari. Masu zuwa da yawa suna ɓoye ciwo don kunya, alhali mutumin nan shi kaɗai ne zai iya kai kwale-kwale gaɓa.

Ƙafa ma haka. Mai sukari ba ya wasa da kanta ko sulluɓewar fata, kuma takalmin haya sai wanda aka samu. Shi ne abu guda cikin kayan shiga ruwa da ya cancanci a saya wa kawun. An mayar da masu ƙusa, an karɓo mai tafin roba wanda ya ɗara ƙafarsa da lamba ɗaya don safa, ya riƙa zagaya unguwa da shi kafin tafiya.

Abinci da salla

Jagora ne ke kawo abincin rana, kuma abin da aka saba burodi ne da yankakken nama a tsakiya, sau da yawa naman alade. Ba mugunta ba ce, haka kantunan ke haɗawa. In an faɗa kwana biyu kafin, sai a kawo na kifin gwangwani ko ƙwai da ganye ba tare da wata matsala ba. In aka bari sai an buɗe akwatin sanyi a bakin kogi, yunwa ce. Kawun ya yi ta cewa da an bar shi ya taho da kilishi. Ba a shiga Amurka da nama daga Najeriya, a filin jirgi ake ƙwacewa, don haka gyaɗa da dabino suka tsaya a madadinsa. Ruwan kogin duk haskensa ba a sha, yana ɗauke da ƙwayar gudawa.

Azahar da la'asar a kan ruwa suke riskar mutum. A tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe 9 na dare, saboda haka lokaci a yalwace yake, sai dai a faɗa wa jagora ya tsaya inda akwai fili mai tsakuwa lokacin cin abinci. Dokar Montana ta 1985 ta ba kowa damar amfani da kogi har zuwa iyakar da ruwa ke kaiwa in ya cika, don haka tsayawa kan tsakuwar gaɓa ba shiga gonar wani ba ne, haurawa sama da nan ne shiga. Sun tafi da darduma mai naɗewa, ƙaramar buta da tawul. Alƙibla daga Montana ba gabas ba ce, arewa ce da ɗan karkata gabas, kuma tun da kogin arewa ya nufa, mutum ya fuskanci inda ruwa ke tafiya ya ɗan juya dama. Wandon shiga ruwa yana ƙarewa da safar roba, kawun kuma Bamalike ne, huffi a wurinsa sai na fata, don haka cirewa yake yi ya wanke ƙafa. Ranar kwale-kwale abin ya zo da sauƙi, domin a zafin Yuli ba a sa wandon a cikin jirgi ba ma.

Hannu

Akwai shiri guda da ba ya shiga jaka. Jagoran ya roƙi su gwada jifa kafin su zo, ko da rabin awa ne sau 'yan kaɗan, a kan ciyawa, da ɗan ulu a bakin igiya maimakon ƙugiya. Ɗan ya ga ai ya taɓa fatsa, aiki kuma ya yi masa yawa. Kawun da ba shi da abin yi da hantsi shi ne ya riƙa ɗaukar sandar lamba 4 ɗin nan zuwa filin unguwa, yana sa faranti a ƙasa yana neman sauke ulun a ciki.

Daga tafkin da girgizar ƙasa ta 1959 ta haifar har zuwa Ennis, Madison gudu yake yi ba hutu kan duwatsu, kusan mil 50. Kwale-kwale ba ya jira. Jagora yana tsakiya da filafilai biyu, baƙo ɗaya a gaba ɗaya a baya, sai ya ce ga bayan dutsen can, kafin mutum ya yi tunani an wuce. Ba nisa ake bukata ba, taku goma ya isa, amma ƙwaron ya sauka inda aka ce, ya kuma bi ruwa kamar ba igiya a jikinsa. Ɗan ya saba da fatsar da nauyi ke bakin igiya, yana wurgawa da ƙarfin kafaɗa, igiyar ta riƙa harɗewa. Rabin safiyarsa a kwance ƙulli ta tafi. Kawun yana gaba yana jifa gajere-gajere, shi ya fara kamu, tun ba a yi nisa da gadar Lyons ba inda aka saka jirgi. Jagoran ya sa koma, ya jiƙa hannu, ya zare ƙugiyar da aka riga aka matse wa kunne, kifin bai bar ruwa ba sai daƙiƙun hoto.

Bayan azahar iska ta taso kamar yadda aka faɗa. Ƙugiyar ɗan ta maƙale a bakin malafar kawun ta baya, ba a fata ba. Kafin su kai mafita, inda ake fitar da jirgi daga ruwa, an yi yayyafi mai sanyi, rigunan ruwa suka fito.

Rana ta biyu

Tsakanin tafkin girgizar ƙasa da gadar Lyons ba a yarda a yi kamu daga cikin jirgi ba, sai a ƙafa. Duwatsun wurin mulmulallu ne masu santsi, ruwan kuma ko a gwiwa yana iya ɗauke mutum. A nan ne aka sa wandon shiga ruwa, da ɗamara a ƙugu a matse, domin in mutum ya faɗi ba ɗamara, ruwa cika wandon yake yi. Sandar dogarawa ba ta cikin jerin kowa, ba na ɗan ba, ba na ofishin ba. Jagoran ne ya ga tafiyar kawun daga mota zuwa gaɓa ya ciro tasa ya ba shi, ya kuma hana shi wuce idon sawu. A ganina wannan giɓi ne na gaske a shirin: duk wanda ya haura sittin ya kamata sandar nan ta zama tasa, wadda ya saba da ita. Kifin wurin da yawa a jikin gaɓa suke kwanciya, don haka kawun bai yi asarar komai ba.

Yankin ƙasar beyar ne, jagoran yana rataye da gwangwanin feshin barkono na korarta. Ɗan ya so ya sayo tun daga gida, aka ce kada ya fara, ba a hawa jirgin sama da shi ko a hannu ko a jakar awo. Sandar fatsa mai gutsure huɗu kuwa tana shiga, in kamfanin jirgin ya yarda da tsawon kwanson.

Abu na ƙarshe da ya kusa kuɓuce masa tukuici ne. Kuɗin yini na jagora ya haura dala 500 ga mutum biyu, kuma ba duka ke shiga aljihunsa ba, akwai rabon mai ofis, ga mai, ga abinci, ga ladan wanda ke sauko da mota zuwa mafita. Al'adar wurin a ba shi kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a hannu, tsabar kuɗi, ko an kama ko ba a kama ba. A mafitar kogi ba na'urar cirar kuɗi. Kawun ne ya tambaya da daddare ko ba a ba yaron nan wani abu, sai ɗan ya fita neman banki a cikin gari.

Da suka koma Minneapolis, sanda ɗaya da riga mai aljihuna da koma sun koma kanti da takardar farashinsu a jiki. Ɗan ya riƙe sandar lamba 4 don rafukan kudu maso gabashin Minnesota. Takalma da wanduna kuwa sai da ya goge lakarsu da buroshi, ya shanya su kwanaki har cikinsu ya bushe ƙayau, kafin ya yarda su taɓa wani ruwa.